Jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙaura, iyaka ta rufe a Kamba: ƙofar wa za mu buga?

Ɗan Kamba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma na san muna da manya a nan da suka yi aikin gwamnati. Ni albasa da wake nake fatauci tsakanin Kamba da Gaya ta Nijar. A watan Agusta 2019 aka rufe iyaka. Aka buɗe Illela a Disamba 2020, mu kuwa sai Afrilu 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024. A rufewar farko mota guda ta albasa ta ruɓe mini a tsaye. Na shiga ofis uku, kowa ya ce umarni ne daga sama. To ina ne saman? Wace ma'aikata ce ke da iyakar nan, ta harkokin waje ko ta sufuri?

Direban Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Ni ma in an gama da taka ina da tawa, a kan wa ke da hanya.

Baba Mai Fansho:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Amsar a taƙaice, babu ɗaya daga cikin biyun da ke riƙe da makullin Kamba. Kwastam ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi suke. Jami'an shige da fice ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Titin da motarka ke bi na Ma'aikatar Ayyuka ne. Umarnin rufewa kuma daga fadar shugaban ƙasa yake fitowa. Na 2023 ma shugabannin ECOWAS ne suka yanke shi a taronsu na Abuja ranar 30 ga Yuli. Ma'aikatar Harkokin Waje ita ce ke rubuta wasiƙa da zaman sulhu, amma ba ta da ko da sanda ɗaya a bakin iyaka. Shi ya sa kar ka riƙe wanda ka tarar a ƙofa a zuciya, kar a zama zomon da ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Amma bari in ja ku baya kaɗan, don ma'aikatun nan biyu da ka ambata mutum ɗaya ne ya rene su. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya aka ba shi sufuri. A hannunsa hukumar jiragen ƙasa ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1955, a shekarar kuma hukumar tashoshin ruwa ta fara aiki. A wannan shekarar dai ya je Amurka ya duba yadda suke safara a kogin Misisifi, da niyyar a yi irinsa a Kwara da Binuwai. Da ya zama Firayim Minista a 1957, sai aka buɗe sashen harkokin waje a cikin ofishinsa, aka ɗauki samari 12 aka tura su koyon aikin jakadanci. Cikinsu akwai Aminu Sanusi, Ciroman Kano, wanda ya kai har babban sakataren ma'aikatar. Bayan samun 'yanci Ɓalewa bai ba kowa kujerar ba, shi ya riƙe ta da kansa, shi ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960 muka zama ƙasa ta 99. Sai a 1961 ya naɗa Jaja Wachuku.

Ɗalibar Siyasa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ke nan tun ran gini tun ran zane. Ma'aikatar da aka haifa a ɗakin Firayim Minista har yau ba ta fita daga inuwar shugaban ƙasa ba.

Baba Mai Fansho:
'Yata, rabin gaskiya kika faɗa. Haka abin yake a duk duniya, shugaba ne mai kalma ta ƙarshe a hulɗa da waje. Abin da nake so ku lura da shi daban ne. Ma'aikatar Harkokin Waje tun 1960 gida ɗaya take. An sauya mata suna, amma ma'aikatanta zuriya ɗaya ne, yaro ya shiga yana ƙaramin jami'i ya fita yana jakada. Okoi Arikpo shi kaɗai ya riƙe ta daga 1967 zuwa 1975, kusan duk tsawon yaƙin basasa. Joe Garba ya biyo baya, sai su Farfesa Ishaya Audu a zamanin Shagari, da Ibrahim Gambari, da Bolaji Akinyemi wanda ya kafa shirin tura ƙwararrunmu taimakon ƙasashe a 1987. Ko ma'aikatar haɗin kan Afirka da Obasanjo ya ƙirƙiro a 1999, ƙarshenta gida aka mayar da ita.

Sufuri fa? Na ga abin da idona. A 2015 aka haɗa jiragen sama da sufuri ƙarƙashin Amaechi, Hadi Sirika yana ƙaramin minista. A 2019 aka raba su. A 2023 aka sake yanke harkar ruwa aka yi mata ma'aikatarta. Ayyuka kuma a 2015 aka cusa su wuri ɗaya da lantarki da gidaje, 2019 aka cire lantarki, 2023 aka cire gidaje. Wanda bai yi aikin gwamnati ba zai ɗauka sauya allon ƙofa ne kawai. Wallahi ba haka ba ne. Duk haɗawa ko rabawa sai an raba fayil, an raba ma'aikata, an raba motoci, an sake buɗe asusu. Jami'in da ya san tarihin wata kwangila tun daga tushe sai ka ji an jefa shi wata ma'aikatar, wanda ya gaje shi kuma ya fara daga bismillah. Na san fayil ɗin da ya kwashe watanni ana neman wanda zai sa masa hannu don ba a tantance gidan da ya faɗa ba. Wannan shi ne ciwon da nake ganin ya fi rashin kuɗi cin harkar sufuri.

Direban Gusau:
Baba, ranka ya daɗe, a nan kam ban bi ka ba gaba ɗaya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum ɗaya ya riƙe wuta da titi da gidaje, ina zai kai? Gara da aka raba. Abin da ke damuna ni shi ne, ma'aikatar ana ce mata ta sufuri, amma mu da ke ɗauke da kusan duk fasinja da kayan ƙasar nan ba mu da alaƙa da ita. Daga Funtuwa zuwa Gusau zuwa Talata Mafara zuwa Sakkwato, titin na Ayyuka ne, facin ramuka na FERMA ne da aka kafa a 2002, masu duba gudu da lasin kuma hukumar kiyaye haɗurra ce ta 1988, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta. To mi ya rage ma sufurin?

Baba Mai Fansho:
Jirgin ƙasa ya rage mata, ɗana. Kuma ban ce haɗawar ce daidai ba. Cewa na yi a zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Jikan Ma'aikacin Reluwe:
Tunda an zo kan jirgin ƙasa bari in sa baki, don mu a Ƙaurar Namoda gado ne. Kakana a reluwe ya yi aiki har ya tsufa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura a 1929. Yau saura ƙiris ya cika shekara 100, kuma ko taku ɗaya bai ƙara ba. Sakkwato da ke hedikwatar lardi ba ta taɓa ganin jirgi ba, balle Birnin Kebbi da Argungu. Bature bai shimfiɗa shi don mu ziyarci dangi ba. Inda gyaɗa da auduga da fata suka fi yawa nan ya bi, ya kwashe zuwa Legas a loda wa jirgin ruwa. Gusau ma ai jirgin ne ya tashe ta, da injin gurzar auduga da kantunan Turawa da Sabon Gari. Kakana yakan ce lokacin kaka buhunan gyaɗa har sun fi taragu yawa, a jera su a tasha suna jiran layi, mata na sayar da tuwo da fura har tsakar dare don ma'aikata da 'yan dako. Yanzu ku zo ku ga tashar. Ciyawa ce da awaki. Ni ba ƙarfen nake kuka ba, garin da ya rayu da ƙarfen nake kuka.

Malamin Tarihi Argungu:
Allah ya jiƙan kakanka. Abin da ka faɗa ya fi yadda kake zato zurfi. Tun farko ma reluwe biyu ne a ƙasar nan, na gwamnatoci biyu. Na Legas ya kai Ibadan a 1901. Gwamnatin Arewa ta gina nata daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, don ta sauke kaya a bakin Kwara ba sai ta bi ta hannun Legas ba. A 1912 aka haɗe su suka zama reluwe ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Wato jirgin ƙasa ya riga Najeriya zama ɗaya.

Ga Alhaji Ɗan Kamba kuma, iyakar da ta ruɓar maka da albasa ita kanta hanya ce ta haife ta. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 an sa tsinin alƙalami a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila. Da Faransawa suka zo tafiya daga bakin kogi zuwa Damagaram sai suka tarar bakan ya tura su cikin hamada inda babu rijiyoyi. Suka koma teburi, a 1904 da 1906 aka ja layin ya sauko kudu don ayarinsu ya sami hanya mai ruwa. Ba a tambayi Sarkin Kabi ba, ba a tambayi kowa a Dandi ko Arewa ba. Da haka Dandawa da Arawa da Kabawa suka wayi gari gida biyu, wa a Kangiwa ƙane a Dogon Dutsi. Kafin nan kuwa muna da namu tsarin. Wazirin Sakkwato ne ke riƙe da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna, kuma a gidan Waziri Giɗaɗo aka kula da Clapperton da ya zo wurin Muhammadu Bello a 1824. Madugu na jan ayari, sarkin zango na saukar da fatake, sarkin ruwa na kula da mashiga. Mai kula da baƙo da mai kula da hanya duk a fada ɗaya suke, suna ganin juna kullum.

Ɗalibar Siyasa:
Malam na gode, wannan ban taɓa jin sa a aji ba. Amma ina nan kan bakata game da Baba. Gida ɗaya ba shi ne ƙarfi ba. A Satumba 2023 aka kira duk jakadunmu gida, aka shafe fiye da shekara ba a naɗa wasu ba, kuma daidai lokacin ne Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS a Janairu 2024. Ƙungiyar da aka rattaba wa hannu a Legas a 1975. Muna da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta a Yamai. An kafa ta don irin wannan rana. Me ya sa aka fara da yanke wuta da rufe iyaka kafin a gaji da magana? Ai malamai da sarakuna ne suka riƙa zuwa Yamai suna sassauta abin.

Baba Mai Fansho:
Ban musa miki ba, 'yata. Cikin waɗanda aka tura ma har da Sarkin Musulmi da Janar Abdulsalami. Kuma ba wannan ne farko ba, a 1984 an rufe iyakoki sai 1986 aka buɗe, lokacin ana fama da fari a Nijar. Abin da nake nufi shi ne, ko da shugaba bai saurari ma'aikatar ba, in ya waiwayo zai tarar da mutanen da suka san fayil ɗin. A sufuri in ya waiwayo sai ya tarar an raba gidan uku.

Tunda na ambaci 1984, akwai ranar da ma'aikatun nan biyu suka haɗu a akwati ɗaya. Umaru Dikko ministan sufuri ne a gwamnatin Shagari. Bayan juyin mulki ya tafi Landan. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, aka gusar masa da hankali da allura, aka sa shi a akwatin katako mai adireshin Ma'aikatar Harkokin Waje a Legas, za a loda shi a jirgin Nigeria Airways a filin Stansted. Akwatin ba shi da cikakkiyar alamar kayan jakadanci da doka ta hana a buɗe, sai kwastam ɗin Ingila suka buɗe. Gwamnatin soja ta ce ba hannunta. An ɗaure mutum huɗu, kuma aka yi kusan shekara biyu babu cikakken jakada tsakaninmu da Ingila. Shi kansa kamfanin jirgin, da aka kafa a 1958, ya daina tashi a 2003.

Hajiyar Yauri:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kuna ta jirgin ƙasa da mota, mu nan ruwa ne titinmu. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya ci garuruwa aka tashi mutane, kasuwanninmu suka koma sai da jirgi. A watan Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150 a ciki, mata da yara da 'yan kasuwa. Na je ta'aziyya gida huɗu a rana ɗaya. Akwai gidan da uwa da 'ya'yanta biyu suka tafi tare. Har yau in na shiga jirgi na ga an ɗora babura da buhuna a kan mutane sai gabana ya faɗi. Baba, ka ce Tafawa Ɓalewa ya je Amurka don kogin nan tun 1955. To wa ya gaji wannan niyyar? Wa ke da alhakin ƙirga mutane kafin jirgi ya tashi, da cire kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa?

Baba Mai Fansho:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Bisa doka kogin Kwara na tarayya ne. Da can kula da hanyoyin ruwa sashe ne a Ma'aikatar Sufuri, a 1997 aka mayar da shi hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja. Tun 2023 kuma ta koma sabuwar ma'aikatar harkokin teku, wadda tashoshin Legas da manyan jiragen dakon kaya su ne suka cika mata tebur. Ina tsoron kada kwale-kwalen Yauri ya zama ɗan bora a can. Shawarata, sarakunan ruwa da ƙungiyar masu jirage su ne ke bakin mashiga kullum, a ba su hurumi a rubuce da rigunan kariya, a kuma tambaye su in an yi lodi fiye da ƙima.

Hajiyar Yauri:
Amin Baba. Rigunan an taɓa rabawa, amma ba su kai yawan masu shiga ba ranar kasuwa.

Direban Gusau:
Allah ya jiƙan musulmi. Ni dai ga tawa tambayar ta biyu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kilomita 284, kusan dala biliyan 2. Ana kai jirgi wata ƙasa alhali Sakkwato da Kebbi ba su gani ba. Wanga adalci ne?

Malamin Tarihi Argungu:
Ni ban ga laifin layin Maraɗi ba, Malam direba. Nijar ba ta da teku, kafin juyin mulkin 2023 yawancin kayanta ta Kwatano suke shigowa, su bi ta Malanbil su haye gada zuwa Gaya. Duk wanda ya jawo wannan kaya zuwa tashoshinmu ya yi hulɗar waje da ƙarfe, wadda ta fi ta takarda daɗewa. Kuma ka tuna yawancin layin a Kano da Jigawa da Katsina yake. Inda nake tare da kai shi ne, hujjar da ta halatta Maraɗi ita ce ta halatta Kamba. Yamai ta fi kusa da Kamba nesa ba kusa ba a kan Maraɗi. In da layi zai tashi daga Ƙaura ya bi Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi ya sauka Kamba, da shinkafarmu da albasar Aliero da kayan Dosso duk sun hau.

Jikan Ma'aikacin Reluwe:
Malam, akwai matsala ɗaya. Layinmu na Ƙaura tsohon awo ne, ƙafa 3 da inci 6. Sababbin da ake yi, irin na Abuja zuwa Kaduna na 2016, sun fi shi faɗi. Jirgin wancan ba ya hawa wannan. Ke nan ba ƙari za a yi ba, sabon aiki ne tun daga Zariya. Ga kuma rashin tsaro, wa zai kwana a daji tsakanin Gusau da Ƙaura yana aza ƙarfe a halin da muke ciki?

Ɗalibar Siyasa:
Gaskiya ne yaya, amma akwai abin da ya sauya. A Maris 2023 an gyara tsarin mulki, an cire jirgin ƙasa daga abin da tarayya kaɗai ke da iko a kai. Yanzu jiha na iya yin dokarta ta gina layinta. Kebbi tun 1991 take, Zamfara tun 1996. Ban ce jiha ɗaya na da kuɗin ba, amma Sakkwato da Kebbi da Zamfara da can lardi ɗaya ne. Me zai hana su kafa hukuma guda, ko da binciken hanyar ne su fara biya, su riƙe takardar a hannu ranar da za a yi kasafi a Abuja?

Baba Mai Fansho:
Wannan magana ce. Abin da zan ƙara, in za a kafa ta a kafa da dokar majalisun jihohin uku, a sa mata ma'aikata na dindindin, don kada sabon gwamna ya zo ya haɗe ta da wata ma'aikata. Kun ga aikin hajji. Shekaru yana yawo a ƙarƙashin Harkokin Waje, daga hukumar 1975 zuwa wani sashe, ana rushewa ana sakewa, bai zauna ba sai da aka yi masa dokarsa a 2006.

Ɗan Kamba:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam. Yau na san cewa ofis ukun da na shiga ba ƙarya suka yi mini ba. Mu 'yan kasuwar iyaka muna da zama ranar Lahadi bayan la'asar. Zan kai maganar mu rubuta takarda ɗaya, kwafi ga sanatanmu da ɗan majalisar wakilai, kwafi ga hukumar nan ta Yamai da ɗiyata ta ambata, mu roƙi ko za a sake rufewa a riƙa ba masu kayan gwari wa'adin kwanaki su fitar da abin da ke kan hanya. Baba, in na turo maka daftarin za ka duba mana yadda ake jera ta a aikin gwamnati?

Baba Mai Fansho:
Turo, ɗana. Ku sa yawan motocin da suka tsaya da ranakun, kowa ya rubuta abin da ya san ya gani da idonsa. Hajiya, ku ma in masu jirage za su rubuta tasu a kan riguna, a haɗo mini ita.

Hajiyar Yauri:
In sha Allahu zan yi wa sarkin ruwa magana gobe in an taso daga kasuwa.